Daga Ganye Zuwa Allura: Abin da Tsirrai Suka Ba Masu Sankarar Jini

Idan likita ya ce wa iyali ɗansu yana da sankarar jini, ba a kwana biyu sai wani cikin 'yan dubiya ya ja mahaifin gefe ya tambaye shi: "An kuwa gwada na gargajiya?" Nan take dangi kan rabu gida biyu. Wasu su ce maganin asibiti guba ne, ganye da saiwa kuwa rahama ce da Allah ya shimfiɗa a daji. Wasu su ce duk zancen ganye yaudara ce ta masu neman kuɗi. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya, kuma guntun nan ya isa ya jawo asarar rai. Abin da tarihi ya nuna shi ne, wasu daga cikin magungunan da suka fi ceton masu sankarar jini a duniya daga tsirrai aka samo su. Sai dai ba a matsayin jiƙo ko tsimi suka yi aikin ba, kuma tafiyar da ke tsakanin ganyen da allurar ita ce ya kamata mu fahimta.

Sankarar jini ba cuta ɗaya ba ce. Akwai lukimiya, wadda ke farawa a ɓargo, inda fararen ƙwayoyin jini marasa ƙwari ke ta hayayyafa har su hana ɓargon yin jini mai kyau. Shi ya sa mai ita kan ɗashe, ya yi ta zazzaɓi, ya yi haɓo, dasashinsa ya riƙa zubar da jini. Akwai limfoma, mai kama kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, wani lokacin har saifa da hanji. Akwai kuma mayeloma, wadda ta fi kama manya, tana cin ƙashi tana lalata ƙoda. Dukkansu ba a iya fiɗa a cire su yadda ake cire ƙari daga nono ko hanji, domin cutar tana yawo a jiki ne. Galibi sai magani mai bin jini. Wannan ne ya sa neman sinadarin da zai kashe ƙwayar cutar ya fi zafi a wannan fanni fiye da sauran.

Labarin da ya fi kowanne daraja a nan shi ne na wata 'yar fulawa mai fure ruwan hoda ko fari, wadda asalinta tsibirin Madagaska ne, masana suna kiranta Catharanthus roseus. Ana shuka ta don ado a harabar gidaje da makarantu da asibitoci a ƙasashe masu zafi, har da garuruwanmu. A Jamaika mutane sun daɗe suna shan shayin ganyenta don ciwon suga. A farkon shekarun 1950 aka aika da ganyen zuwa Kanada, ya isa hannun Robert Noble na jami'ar Yammacin Ontariyo, wanda ya gwada shi a kan dabbobi don ya ga ko zai sauke suga. Bai sauke ba. Da ya yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen kuwa, sai suka riƙa mutuwa da ƙwayoyin cuta, da aka duba jininsu aka ga fararen ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Da wani mai binciken ne ya ga haka, da sai ya zubar da ganyen ya kama wani aiki. Noble ya tsaya ya yi tunani: abin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini haka, me zai yi wa cutar da yawan fararen ƙwayoyi ne matsalarta? Shi da abokin aikinsa Charles Beer suka ware sinadarin binbilastin a 1958. A kamfanin Eli Lilly na Amurka kuma Gordon Svoboda da abokan aikinsa suka fito da ɗan'uwansa binkiristin daga ganyen, aka amince da shi a 1963 da sunan Oncovin.

A lura da abu biyu. Masu shayin Jamaika ba su yi kuskure ba da suka ce ganyen yana da ƙarfi, amma sun yi kuskure a kan cutar da yake yi wa aiki. Na biyu, abin da Noble ya gano guba ce. Yadda take aiki shi ne, duk ƙwayar halitta da za ta rabu biyu sai ta shimfiɗa wasu siraran zarurruka da za su ja kayan gadonta zuwa ɓangarori biyu, kamar yadda masaƙi ke ja zare kafin ya fara saƙa. Binkiristin yana hana zaren nan haɗuwa, sai ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa ta mutu. Ƙwayoyin sankara sun fi sauran saurin rabuwa, don haka su suka fi jin jiki. Amma jijiyoyin jiki ma suna dogara da irin wannan zare, shi ya sa yaron da ake yi wa allurar kan yi kukan ciwon muƙamuƙi, ƙafarsa ta yi nauyi, cikinsa ya ɗaure. Idan maganin ya tsiyaya waje da jijiyar jini yakan ƙona nama. Idan aka yi kuskuren zuba shi a laka, kusan ko yaushe mutuwa ce. Abin da ake ba mutum a zama ɗaya bai cika wuce miligiram 2 ba, kuma sai an auna tsayinsa da nauyinsa kafin a yanke adadin.

Da wannan guba da aka iya aunawa aka juya tarihin lukimiyar yara. A farkon shekarun 1960, cikin yara 10 masu lukimiyar da ta fi yawa a ƙuruciya, da wuya 1 ya rayu. Emil Frei da Emil Freireich a cibiyar binciken sankara ta Amurka suka fara haɗa magunguna huɗu a lokaci guda, binkiristin yana ciki. Donald Pinkel na asibitin St. Jude da ke Memfis ya tsara jinya mai matakai wadda ke ɗaukar shekara biyu zuwa uku. A yau a ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa daga wannan cuta, kuma har gobe binkiristin yana cikin magungunan makon farko. Limfomar Hodgkin ma haka ta faru da ita: haɗin da Vincent DeVita ya fara a 1964 yana ɗauke da binkiristin, wanda Gianni Bonadonna ya fitar a Milan a shekarun 1970 yana ɗauke da binbilastin. Ko guda daga cikin sinadaran biyu ba a dogara da shi shi kaɗai. A cikin haɗi suke aiki, tare da wasu magungunan da aka samo daga ƙwayoyin halittar ƙasa da waɗanda aka harhaɗa a ɗakin gwaji.

Mai karatu zai iya cewa, to tunda fulawar tana bakin ƙofarmu, me zai hana a dafa a sha? Lissafin ne ya hana. Ana buƙatar busasshen ganye kusan kilo 500 kafin a sami giram 1 na binbilastin, na binkiristin kuwa ana zancen kusan tan 2. Ganyen yana ɗauke da wasu sinadarai fiye da 100 waɗanda ba su ake nema ba, kuma binkiristin ba ya shiga jini yadda ya kamata ta hanyar ciki. Wanda ya sha dafaffen ganyen zai kwashi illa, ba zai kai ga maganin ba. Wannan ƙarancin ne ya sa masana suka shafe shekaru suna neman yadda shukar ke ƙera sinadarin. A 2018 tawagar Sarah O'Connor a cibiyar John Innes ta Ingila ta gano matakan da suka rage, a 2022 kuma masu bincike a Denmak suka sauya halittar yis ɗin burodi har ya iya samar da sinadarai biyun da ake haɗawa a sami binbilastin.

Afirka tana da nata babi a wannan tarihi. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana wata limfoma da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana cikin sankarori mafiya saurin girma, ƙarin yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kuma tana cikin mafiya jin magani. Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna haka, kuma a 1972 ya karɓi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt da wasu. Haɗin da aka daɗe ana amfani da shi a asibitocin Afirka don wannan cuta yana da binkiristin a ciki. Wannan cuta tana nan a ƙasarmu, kuma sau da yawa ana ɗaukarta hangum ko ciwon haƙori, a yi ta shafe-shafe har makonni su wuce.

Na biyu a daraja bayan magungunan fulawar Madagaska shi ne etofosid. Asalinsa wata shuka ce ta dazuzzukan Arewacin Amurka mai suna Podophyllum, da 'yar'uwarta ta tsaunukan Himalaya, wadda mutanen wurin suke amfani da ita don wanke ciki da cire tsiron fata. Sinadarin da ke cikinta ya fi ƙarfin a zuba shi a jini. Masana a kamfanin Sandoz na Suwizalan suka yi ta sauya masa siffa har suka sami etofosid a 1966, Amurka ta amince da shi a 1983. Ana amfani da shi a limfoma da lukimiya da kuma shirin dashen ɓargo. Amma ga abin da masu cewa "ai na tsiro ba ya illa" ya kamata su ji: a wasu tsirarun marasa lafiya, etofosid da kansa yakan haddasa sabuwar lukimiya bayan 'yan shekaru. Likitoci sun san haka, suna auna amfanin da haɗarin kafin su rubuta shi.

Sai homoharintonin, daga wata bishiya mai suna Cephalotaxus da ke tsiro a Sin da Japan. Likitocin Sin sun fara gwada shi a kan masu lukimiya tun shekarun 1970. Shi aikinsa dakatar da ƙera furotin a cikin ƙwayar cutar. Sai a 2012, bayan kusan shekara 40, Amurka ta amince da wani nau'insa ga masu lukimiyar manya mai tafiyar hawainiya waɗanda sauran magunguna suka daina yi musu aiki. Daga Sin ɗin kuma aka ware indirubin, wani jan sinadari da ke cikin shuni, bayan an lura wani tsohon haɗin gargajiya yana rage wannan cutar. Shuni dai mun san shi, dangin abin da ke cikin karofin Ƙofar Mata ne. Akwai ma ƙwayar magani ta Sin mai haɗe da shuni da ma'adinin asenik wadda gwaji a kan marasa lafiya ya tabbatar tana aiki ga wani nau'i guda na lukimiya, sai dai a can asenik ɗin ne jigon aikin, kuma a asibiti ake bayarwa ana bin jinin mutum da zuciyarsa.

Waɗannan su ne suka kai gaci, kuma ba su da yawa. Tsakanin 1960 da 1982 cibiyar binciken sankara ta Amurka ta gwada tsantsa kusan 114,000 da aka tatso daga tsirrai iri kusan 15,000. Waɗanda suka zama magani ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Maitansin, wanda aka ware daga wani itacen Habasha a 1972, ya ba kowa mamaki a ɗakin gwaji, da aka kai ga mutane sai illarsa ta rinjayi amfaninsa. Sai bayan shekaru da dama aka iya ɗaura shi a jikin wani furotin mai kai shi kai tsaye ga ƙwayar cutar, kuma sankarar nono ce ta fara cin moriyarsa.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya, domin yawancin labaran da ke yawo a Facebook da WhatsApp daga wannan mataki suke fitowa. Za ka ji an ce bincike ya nuna kurkur, ko zogale, ko tafarnuwa, ko tazargade, ko habbatus sauda yana kashe ƙwayoyin sankarar jini. Galibi ba ƙarya aka yi ba, akwai binciken. Amma a ina aka kashe ƙwayoyin? A cikin ƙaramin faranti na ɗakin gwaji, inda aka zuba musu sinadarin kai tsaye da yawan da jikin mutum ba zai taɓa tarawa ba. A faranti ko gishiri aka cika zai kashe su. Jiki kuwa yana da hanji mai hana shiga, da hanta mai narkarwa, da ƙoda mai fitarwa, da ɓargo mai lafiya da ba a so a taɓa. Sinadarin kurkur misali ne mai kyau: an rubuta dubban takardu a kansa, amma kaɗan ƙwarai yake shiga jini, kuma wani babban nazari da aka buga a 2017 ya kammala cewa babu gwaji mai tsauri a kan mutane da ya tabbatar da shi magani ga wata cuta. An ma janye takardu masu yawa na wani fitaccen mai bincikensa a Amurka saboda matsalar hotunan sakamako. Habbatus sauda tana da matsayinta a zukatan Musulmi, kuma ba wannan matsayi nake taɓawa ba. Abin da nake cewa shi ne sinadarinta, timokwinon, har yanzu a matakin faranti da ɓeraye yake game da sankarar jini, kuma addinin da ya girmama ta shi ne ya umarce mu da neman magani wurin masu saninsa.

Wasu kaɗan sun tsallaka zuwa gwaji a kan mutane, sakamakon kuma ya cancanci a faɗe shi yadda yake. A asibitin Mayo na Amurka an ba mutum 42 masu lukimiyar manya a matakin farko tsantsar koren shayi mai ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin uku adadin ƙwayoyin cutar ya ɗan sauka a jininsu, wasu kaluluwarsu ta ragu, wasu kuma hantarsu ta nuna alamar wahala. Ragewa ce aka gani, ba warkewa ba. Wani bincike na 2009 ya nuna wannan sinadari na koren shayi yana kashe ƙarfin botezomib, ɗaya daga manyan magungunan mayeloma. Resberatirol, na fatar inabi, an gwada shi a kan masu mayeloma, aka dakatar da gwajin a 2010 bayan ƙodar wasu ta gaza. Fatenolid kuwa, wani sinadarin tsiro wanda masana a jami'ar Rocesta suka nuna a 2005 yana kashe tushen ƙwayoyin lukimiya a ɗakin gwaji, ya ƙi narkewa yadda jiki zai ɗauka, har yau ana ƙoƙarin gyara shi. Ina ganin wannan aiki ya dace a ci gaba da shi, kuma ina fata wani daga cikinsu ya zama binkiristin na gobe. Amma fata ba ta isa a ɗora ran yaro a kanta ba.

Matsalarmu a nan ma ba rashin gano sabon ganye ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma shirin da ta ƙaddamar a 2018 yana neman a kai kashi 60 kafin 2030. Maganin iri ɗaya ne a can da nan. Binkiristin tsohon magani ne, ba ya cikin masu tsada, yana cikin jerin magungunan da hukumar ta ce kowace ƙasa ta tanada. Abin da ke kashe yaranmu shi ne zuwa a makare, da rashin jinin ƙari, da kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kano ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri wata bayan wata, da katse jinya a tsakiya idan aljihu ya ƙare ko yaro ya ɗan murmure. Ga maganin yana buƙatar firji a ƙasar da wuta ba ta zama. Ga jabu da mara inganci: binciken da aka buga a 2025 a kan magungunan sankara a Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi ya sami kusan 1 cikin 6 ba su ɗauke da adadin da aka rubuta a jikinsu. Ga kuma tsohon zancen nan da ake gada kaka da kakanni cewa ciwon daji ba ya son allura, wanda ya hana iyaye da yawa sa hannu a fara jinya.

Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar binciken itatuwanmu. Dajin Sudan da Sahel cike yake da marke da maɗaci da hano da sabara da gwandar daji, masu magani na gaskiya kuma suna riƙe da ilimin da ya kamata a rubuta kafin tsofaffi su tafi da shi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta taɓa nuna hanya da Niprisan, maganin sikila da ta gina a kan haɗin wani mai maganin gargajiya, ta gwada shi a kan marasa lafiya, aka kuma rubuta wa mai haɗin haƙƙinsa. Wannan batun haƙƙi yana da nauyi. Kamfanoni sun sami dukiya mai yawa daga fulawar Madagaska, ƙasar da sunanta ke kan shukar ba ta ga abin kirki ba, kuma irin wannan ne ya haifar da yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halitta. Sai dai binciken jami'o'inmu yakan tsaya ne a tatso ruwan ganye, a zuba a faranti, a buga takarda, a sami ƙarin girma. Ware sinadarin shi kaɗai, da sanin adadin da ke kisa, da gwaji a kan mutane bisa ƙa'ida, nan kuɗi da haƙuri suke, nan kuma ya kamata gwamnati da masu hannu da shuni su sa dukiyarsu. Ya kamata gidajen rediyo su daina sayar da lokaci ga duk wanda ya ce yana warkar da sankara cikin mako biyu. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya tana nufin an duba ba ya cutarwa nan take, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa.

Ga iyaye kuma, idan yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an yi maganin cizon sauro, yana kukan ciwon ƙashi, ko haɓo, ko kaluluwa ta fito ba ta zafi, ko muƙamuƙi ya kumbura cikin 'yan kwanaki, a kai shi asibiti a nemi gwajin ƙidayar jini a makon nan. Kada a sayo masa desametason ko firedinisolon a kemis kafin a yi gwajin, domin suna iya ɓoye cutar na ɗan lokaci su rikita likita. Wanda aka riga aka fara wa jinya kuwa, duk jiƙo ko gari da aka kawo masa daga gida, a nuna wa likitansa kafin ya kai baki, kuma kada a tsallake ranar allura ko da an ga ya tashi yana wasa.